Taƙaitaccen Tarihin Tausa a Fagen Magani

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan tausa shi ne na lura da yawa daga cikinmu 'yan makaranta mun ɗauke ta ko dai hutun masu kuɗi, ko kuwa aikin tsofaffin ƙauye wanda ba ilmi a cikinsa. Zan yi ƙoƙari in nuna cewa tausa tsohon reshe ce ta likitanci, kuma rubutu ne ya raya ta.

Bari mu fara da ƙasar Girka. Tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), littattafan da ake dangantawa da Bukratu, wanda Turawa ke kira uban likitanci, sun lissafa murza jiki cikin abubuwan da ya wajaba likita ya naƙalta. Bayansa sai Jalinusu, wanda aka haifa a shekarar 129 a Fargamon, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Shi wannan ya taɓa zama likitan 'yan wasan takobi, saboda haka ya ga targaɗe da tsamin jiki iri-iri. Ya kasa tausa gida tara, watau mai ƙarfi da mai taushi da matsakaiciya, kowace kuwa ana iya yin ta da yawa, ko kaɗan, ko tsaka-tsaki.

Da ilmi ya koma hannun Musulmi, sai Hunainu bin Ishaƙ, wani Kirista masani da ya rasu a 873, ya fassara littattafan Jalinusu a Bagadaza. Ibn Sina ya gaji wannan ilmi, ya sa babin tausa cikin littafinsa Al-Ƙanun, wanda ya kammala a 1025. Ya bambanta tausar da ake yi da tafin hannu da wadda ake yi da ƙyalle mai kaushi. Sa'an nan ya raba wadda ake yi kafin motsa jiki don shirya gaɓoɓi da wadda ake yi bayansa don kore gajiya. A ƙarni na 12 aka juya littafin zuwa Latin a Toledo ta Andalus, jami'o'in Turai suka yi ta karantar da shi har ƙarni na 17.

To, ina tausar da ake kira ta Swidin? An jingina ta ga Per Henrik Ling, wanda ya buɗe makarantar motsa jiki a Stockholm a 1813. Amma wani likitan Holan, Johann Mezger, da almajiransa su ne suka tsara kashe-kashenta huɗu: shafa a hankali, da matsa tsoka kamar mai kwaɓa fulawa, da murzawa, da bubbugawa. Har ila yau, a 1894 wata mujallar likitoci ta tona cewa waɗansu gidajen tausa na Landan gidajen karuwai ne. Sai mata huɗu, ma'aikatan jinya da unguwarzoma, suka kafa ƙungiya mai jarrabawa da ƙa'idoji don su tsare mutuncin sana'ar. Ita ce a 1944 ta zama ƙungiyar ma'aikatan fisiyo ta Ingila, watau masu aikin da muke kira gashin ƙashi a asibitocinmu.

Game da amfani kuwa, binciken zamani ya nuna tausa tana sauƙaƙa ciwon baya na ɗan lokaci, tana rage tsamin jiki da damuwa. A 1986 Tiffany Field da abokan aikinta a Amurka sun gano cewa jarirai bakwaini da ake yi wa tausa sun fi sauran saurin ƙara nauyi da kashi 47 cikin ɗari. Sai dai tana da iyaka. Ba a tausa karaya, ba a kuma tausa ƙafar da jini ya daskare a jijiyarta, don gudan jinin yana iya tafiya huhu ya yi kisa.

A nan gida, ungozoma takan miƙe gaɓoɓin jariri da man kaɗanya bayan wanka, maɗori kuma yakan ja targaɗe har ya koma. A ganina hannunsu bai gaza na Jalinusu ba. Abin da ya fi su da shi kawai, ya rubuta nasa, aka gwada, aka tace. Ina kira gare mu ɗalibai, musamman masu neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai, mu je mu durƙusa gaban waɗannan tsofaffi, mu rubuta sunayen kowace irin tausa da yadda ake yin ta, likitoci su auna mai amfani da mai cutarwa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in ba a bari ta zube ba. Allah ya sa mu dace, amin.