Bunƙasar 'Yankara: Tsakanin Albarkar Hanya da Tilascin Hijira

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci bunƙasar garin 'Yankara na Ƙaramar Hukumar Faskari a Jihar Katsina, ta hanyar bibiyar tarihin noma, sufuri da mulki a kudancin ƙasar Katsina. Hujjarta ita ce girman garin iri biyu ne: na farko hanya da kasuwa ne suka jawo shi, na biyu kuwa rashin tsaro ne ya koro shi daga ƙauyuka. A ido duk ɗaya suke, amma na biyun yana cin tushen na farkon.

Gabatarwa

Nazarin birane a ƙasar Hausa ya fi karkata ga Kano, Katsina, Zariya da Sakkwato. Nazarin karkara kuma ya fi son ƙauye guda, kamar aikin Polly Hill a Batagarawa wanda ya fito a 1972, da na Paul Clough a Marmara ta ƙasar Malumfashi. Garuruwan da ke tsakani, waɗanda suka wuce ƙauye amma ba su kai birni ba, ba su sami rabonsu ba. Alhali a irin waɗannan ne manomi yake sayar da buhunsa, ya sayi taki, ya kai matarsa awo, ya hau motar Kano ko Legas.

'Yankara tana cikin wannan rukuni. Tana bakin babbar hanyar Funtuwa zuwa Gusau, gaba da mararrabar Sheme, dab da iyakar Katsina da Zamfara. Da an wuce ta sai ƙasar Tsafe. Tana cikin mazaɓar tarayya ta Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Ba hedikwatar ƙaramar hukuma ba ce, kuma wannan batu yana da nauyi a abin da zai biyo baya.

Auduga, jirgi da masara

Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya nuna irin rawar da ƙaura ta taka wajen kafuwar garuruwan ƙasar Katsina. Kudancin ƙasar ya daɗe yana jan baƙi: akwai laka, damina tana kai wa kusan milimita 1,000 a shekara, ga kuma daji mai faɗi da ake iya sarewa a yi sabuwar gona. Mutanen arewa da ƙasarsu ta gaji sukan gangaro, Fulani makiyaya ma haka.

Turawan mulkin mallaka sun ga abin da manoma suka riga suka gani. A shekarun 1920 aka kafa gonar irin auduga a Daudawa, wadda take cikin Faskari a yau, aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙaurar Namoda a 1929. Auduga ta zama kuɗin haraji da na aure, Funtuwa ta zama cibiyar gurza. Daga wannan lokaci duk garin da ya dace da zama a kan zirin Funtuwa zuwa Gusau ya sami abin da na lungu bai samu ba.

Amma sauyin da ya fi zurfi ya zo ne a 1975, da Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ya kuma haɗa gundumomin Funtuwa, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari. Shirin ya kawo takin zamani mai rangwame, da ingantaccen irin masara, da cibiyoyin hidimar manoma, da hanyoyin karkara. Masarar da a da ake shukawa a bayan gida don gashi ta koma amfanin gona na sayarwa. An soki shirin da cewa manyan manoma ne suka fi cin moriyarsa, kuma sukar tana da tushe. Duk da haka ya haifar da rarar hatsi, ita kuma rara dole ta nemi inda mota za ta ɗauke ta. Nan ne garuruwan bakin kwalta suka shigo.

Yadda kasuwa ke gina gari

Ya kamata a tsaya a kan rawar kasuwa, domin shi ne jigon girman farko. Buhun masara ko dawa ko waken suya da ya baro ƙauye ba mutum ɗaya yake ciyarwa ba. Mai amalanke ko ɗan acaɓa zai kawo shi. Ma'auni zai auna da tiya, dillali ya haɗa ciniki ya karɓi la'adarsa, mai ɗinki ya rufe bakin buhu, 'yan dako su loda, ɗan kamasho ya nemo mota. Falken da ya zo daga nesa yana bukatar mai masauki, wanda shi ne kuma jingina idan an yi ciniki bashi. A gefe ga mai shayi, mai tsire, bakanike, mai faci, da matan da ke cikin gida suna dafa abincin sayarwa ana fito musu da shi talla. Clough ya nuna a Marmara cewa fataucin hatsi a wannan yanki yana tafiya ne a kan bashi da amana tsakanin ubangida da yaransa, ba a kan takarda ba. Gari irin 'Yankara wurin da wannan amana take haɗuwa da kwalta ne.

Iyaka ta ƙara mata armashi. Bayan ƙirƙirar Jihar Katsina a 1987 da ta Zamfara a 1996, garin ya kasance ƙofar jiha a kan babbar hanyar da ke zuwa Sakkwato. Ga manomin ƙasar Tsafe kuwa, iyakar jiha a taswira take. Kasuwar da ta fi kusa da gonarsa ita ce tasa. Dabbobi ma sun bi wannan ziri, kasuwar shanu ta Sheme tana kusa.

Abin lura a nan shi ne, duk wanda ya tare a gari a wancan zamani ya zo ne da ƙafa ɗaya a gona. Yana da shago a bakin titi, gandunsa na ƙauye. Gari da ƙauye suna ciyar da juna.

Girman da tsoro ya kawo

Daga tsakiyar shekarun 2010 rikicin 'yan bindiga ya bazu daga Zamfara zuwa yammacin Katsina, dazuzzukan da suka haɗa jihohin biyu suka zama maɓoya. Ya fara da satar shanu, ya koma garkuwa da mutane don kuɗin fansa, ya kai ga ɗora wa ƙauyuka haraji kafin shuka ko girbi. A watan Yunin 2020 aka kashe mutane da dama a Kadisau ta Faskari, kuma a cikin wannan wata mutanen 'Yankara suka tare hanyar Funtuwa zuwa Gusau don nuna fushinsu. Ranar 11 ga Disamba ta shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara.

Mutanen ƙauye da rugage suka yi abin da hankali ya ba su: suka nufi inda akwai jama'a, da kwalta, da jami'an tsaro. Yawancinsu ba sansani suka shiga ba. Wurin dangi suka sauka, ko suka kama haya, ko suka raɓa a kango. Zumunci ya ɗauki nauyin da hukuma ba ta ɗauka ba, kuma saboda haka ne wannan hijira ba ta cika bayyana a lissafin gwamnati ba.

Wanda ya ga sababbin unguwanni da tsadar fuloti da cunkoson ɗakuna zai ce gari ya ci gaba. A ganin wannan maƙala kuskure ne a kira shi haka kai tsaye. Baƙon farko ya zo da hatsi. Na biyu ya baro rumbunsa a ƙone, an kore shanun huɗarsa. Magidancin da a da yake kawo buhu goma kasuwa yanzu awo yake yi da tiya, yana neman ƙwadago a gonar wani. Hannuwan aiki sun yi yawa, gonakin da ake iya zuwa ba tare da fargaba ba sun taƙaita ga na kusa da gari, sai kuɗin hayarsu ya tashi, ladan ƙwadago ya kasa bin sa. Zawarawa da marayu sun ƙaru, kuma su ne ake gani a bara da aikatau.

Matakan gwamnati ma sun taɓa jijiyar kasuwa. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, ta kuma hana sayar da fetur a jarka. A Satumba aka katse layukan waya. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyar abinci da mai da labari, amma dillali da mahauci da mai cajin waya duk sun ji a jikinsu. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya ƙara tsadar dakon kowane buhu. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 ta ɗauki matasan yankunan da abin ya shafa, wanda amincewa ce da cewa ɗan gari ya fi sanin dajinsa.

Gari ba tare da kujera ba

Tun gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, sakatariya da manyan ofisoshi da mafi yawan ma'aikata suna taruwa ne a hedikwata. Garin da ya girma ta kasuwa ba ta kujerar mulki ba yana tara kuɗin shiga, amma a wani wuri ake yanke yadda za a kashe su. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Nijeriya ta 2006 ce, wadda ta ba Faskari mutane ƙasa kaɗan da dubu 200, kuma an yi ta ne kafin duk wannan hijira. Ke nan ajujuwa da gadajen asibiti da rijiyoyin burtsatse ana lissafa su ne bisa taswirar jama'ar da ta riga ta sauya: makarantar ƙauye ta zama kufai, ta gari ta cika maƙil.

Batun ƙasa shi ne mafi hatsari. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara, amma a aikace gonakin gefen gari ana yanka su fuloti ne da shaidar mai unguwa da dagaci, ba tare da an ware titi ko magudanar ruwa ko filin makaranta ba. A can ƙauye kuma gonakin da aka gudu aka bari suna cikin aro da jingina da sayarwar dole, galibi da baki aka yi, shaidun kuma sun watse garuruwa daban-daban. Ranar da hanyar komawa ta buɗe, waɗannan gonaki ne za su cika zauren hakimi da kotunan shari'a. Rubuta iyakokinsu da sharuɗɗan aronsu aiki ne da masu unguwanni da Ƙaramar Hukumar Faskari za su iya farawa tun yanzu, a cikin 'Yankara kanta, inda masu gonakin da dattawan da suka san iyakokin suke zaune wuri ɗaya.