Tarihin Kafuwar Cibiyar Sasanci ta Liman da Fasto a Kaduna

Cibiyar sasanta mabiya addinai da ke Kaduna, wadda aka sani da sunan Interfaith Mediation Centre, ƙungiya ce mai zaman kanta da ba ta neman riba. An kafa ta a shekarar 1995, kuma mutum biyu ne suka aza tubalinta: Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Movel Wuye. Aikinta shi ne zaunar da Musulmi da Kirista, matasa da dattawa, maza da mata, su yi magana cikin mutunta juna a wuraren da aka riga aka zubar da jini ko ake dab da zubarwa.

Tushenta yana cikin rikice-rikicen da suka addabi jihar Kaduna tun daga tarzomar Kafanchan ta 1987. A wancan zamani ƙungiyoyin matasa na addinai biyun sun zama tamkar rundunoni, kowace tana shirin kare nata. Wuye yana cikin shugabannin reshen matasa na ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, shi kuwa Ashafa, wanda ya fito daga gidan malamai, jigo ne a majalisar ƙungiyoyin matasan Musulmi ta ƙasa. Kowannensu ya san sunan ɗan'uwansa, amma a matsayin abokin gaba. A 1992 rigima ta ɓarke a Zangon Kataf tsakanin Atyap da Hausawa kan batun sauya wa kasuwa matsuguni, wutar ta bazu har cikin garin Kaduna. A nan Wuye ya rasa hannunsa na dama. Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu.

Shekara uku bayan haka suka haɗu a wani taro a gidan gwamnatin Kaduna. Wani ɗan jarida da ya san su duka ya gabatar da su ga juna, ya nuna musu cewa zaman lafiyar jihar yana hannun irinsu. Sun gaisa, sun fara ziyartar juna, har suka shirya muhawara tsakanin matasansu, amma zukata ba su wanku nan take ba. Ashafa ya sha faɗa cewa huɗubar wata Juma'a ce ta karya masa zuciya, inda limami ya kawo labarin Annabi Muhammadu (SAW) a Ɗa'ifa, yadda aka jefe shi da duwatsu har jini ya zuba, amma ya ƙi yarda a halaka mutanen garin. Wuye ya fi shi daɗewa kafin ya sauko. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa ko bayan sun fara tafiye-tafiye tare suna kwana a masauki ɗaya, yakan ji kamar ya danne abokin tafiyarsa da matashin kai yana barci. Abin da ya sassauto shi shi ne ziyarar da Ashafa ya kai wa mahaifiyarsa a asibiti, da kuma nasihar wani fasto da ya gaya masa cewa ba a yin wa'azin Almasihu da ƙiyayya a zuci.

Ƙungiyar ta fara ne a matsayin zauren tattaunawa tsakanin matasan Musulmi da Kirista, kafin daga baya ta faɗaɗa ta ɗauki sunan da aka san ta da shi yau. Fara aiki da matasa ba kuskure ba ne, domin su ne ake turawa gaba idan rikici ya tashi, su ne kuma ake binnewa. Shugabancin cibiyar na haɗin gwiwa ne, liman da fasto kafaɗa da kafaɗa, haka kuma tawagoginta suke fita aiki, Musulmi da Kirista tare. Tsarin aikinta ya ginu a kan nassi. Akan fara zama da kowane ɓangare shi kaɗai, Musulmi da malamansu, Kirista da fastocinsu, a duba abin da Alƙur'ani da hadisi ko Littafi Mai Tsarki suka ce game da yafiya da haƙƙin maƙwabci. Sai bayan nan a haɗa su wuri ɗaya, kowane ɓangare ya faɗi abin da yake tsoro da abin da yake zargin ɗayan da shi, ɗayan kuma ya saurara har a gama. Ba a neman kowa ya rage wani abu daga aƙidarsa. Mutanen biyu masu riƙo ne da addininsu, kowane yana ganin nasa ne gaskiya, kuma ba su ɓoye hakan ba. Wannan ne ya ba su bakin magana a gaban matasan da ba za su taɓa sauraron wanda suke ganin ya yi sako-sako da addini ba. Duk da haka sun sha suka daga nasu, ana ce musu maciya amana. A 1999 suka wallafa littafi tare kan abin da suka gani da yadda suke tunkarar rikici.

Jarrabawa mafi girma ta zo a shekarar 2000, lokacin da rikicin shari'a na watannin Fabrairu da Mayu ya ci rayuka masu ɗimbin yawa, ya kuma raba garin Kaduna gida biyu: Musulmi suka tattara a arewacin kogin Kaduna, Kirista a kudancinsa. Cibiyar ta shiga aikin haɗa manyan malamai da shugabannin coci, aikin da ya kai ga Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna, wadda shugabannin addini 22, sha ɗaya daga kowane ɓangare, suka sa wa hannu ranar 22 ga Agusta, 2002, a zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. An yi koyi ne da wata sanarwa irinta da shugabannin addinai na Gabas ta Tsakiya suka sa wa hannu a Iskandariyya ta Masar a farkon shekarar. Wata uku kacal bayan haka tarzomar gasar sarauniyar kyau ta duniya ta tashi a Kaduna, aka kashe fiye da mutum 200. Wannan ya nuna iyakar abin da takarda za ta iya, ya kuma tura cibiyar ta ƙara dogara da aikin unguwa-unguwa.

Aikin da ya fi fito da sunanta shi ne na Yelwa, a ƙaramar hukumar Shendam ta jihar Filato. A Fabrairun 2004 an kashe Kiristoci a garin, wasunsu a cikin coci. A farkon Mayu aka kashe ɗaruruwan Musulmi, ramuwa ta biyo baya a Kano, har Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato. Ashafa da Wuye sun yi ta kai da komo a tsakanin al'ummomin garin na tsawon watanni, suna zama da sarakuna, da matasa, da mata, har aka kai ga taron da shugabanni suka nemi gafarar juna a bainar jama'a, aka kuma sa hannu a yarjejeniya a 2005.

Daga nan sunan cibiyar ya ƙetare iyakar Najeriya. A 2006 aka fitar da fim na gaskiya kan mutanen biyu, The Imam and the Pastor, wanda aka nuna a ƙasashe da dama. Bayan rikicin zaɓen Kenya na ƙarshen 2007 an gayyace su garin Burnt Forest, inda suka shiga tsakanin Kikuyu da Kalenjin. Rikicin na ƙabilanci ne da filaye, ba na addini ba, amma hanyar tasu ta yi aiki, kuma an ɗauki wannan a fim na biyu, An African Answer, a 2010. A 2009 gidauniyar tsohon shugaban Faransa Jacques Chirac ta ba su kyautarta ta hana rikici.

A shekarun da suka biyo baya cibiyar ta gudanar da wani babban shiri da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, tare da Jami'ar Massachusetts da ke Boston, a wasu jihohin arewa. Ƙashin bayan shirin shi ne sa ido tun da wuri: a horar da mutanen unguwa su gane alamun rikici, kamar jita-jita ko wa'azin tunzura jama'a, su kai rahoto, sannan a tura malamai da fastoci da jami'an tsaro kafin magana ta zama faɗa. Dogaro da kuɗin masu tallafi na waje yana sa irin wannan aiki ya faɗaɗa ko ya tsuke gwargwadon abin da ya shigo, kuma rikicin manoma da makiyaya da ta'addancin 'yan bindiga sun kawo matsalolin da zaman malamai da fastoci kaɗai ba ya warwarewa. Cibiyar ta ci gaba da horar da matasa da mata da shugabannin addini daga mazauninta na Kaduna.