Ƙuri'ar Dakoro da Cinikin Yamai

Wanda ya tsaya layin zaɓe a Dakoro ta ƙasar Nijar cikin watan Fabrairun 1993 bai wahalar da kansa da tambayar addinin manyan 'yan takara ba. Tanja Mamadu na MNSD-Nassara, Mahaman Usman na CDS-Rahama, Mahamadu Isufu na PNDS-Tarayya, Adamu Mumuni Jarmakoy na ANDP-Zaman Lahiya, dukkansu masu salla ne, kuma da fatiha ake buɗe gangamin kowa. Tunda alƙibla ɗaya ce, sai tambayar ta koma wani wuri: ɗan ina ne, kuma wa zai kai mu gare shi?

Tushen wannan yana cikin babban taron ƙasa da aka yi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991, wanda ya karya mulkin jam'iyya ɗaya na Janar Ali Saibu. Malamai sun ƙi jinin kalmar Faransancin nan ta laïcité, don a kunnensu rashin addini take nufi. Kundin tsarin mulkin Disamban 1992 sai ya kauce mata, ya ce gwamnati ba ta wani addini ba ce, ya kuma hana kafa jam'iyya bisa addini ko ƙabila ko yanki. Wanda taron ya damƙa wa gwamnatin riƙon ƙwarya, Shefu Amadu, haifaffen Kornaka ne a ƙasar Dakoro, ma'aikacin hukumar jiragen sama ta duniya da ya dawo daga Dakar.

A lokacin, zaɓen shugaban ƙasa zagaye biyu ne, kuma nan ƙofar ciniki take. Tanja ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma ƙawancen AFC ya taru a bayan Mahaman Usman, ya ci da kashi 54. Aka yi rabon nama: Isufu firaminista, Jarmakoy shugaban majalisa. Shekara ɗaya da rabi, Satumban 1994, Isufu ya ajiye aiki ya kai Tarayya gidan Nassara, jam'iyyar da jiya-jiya aka haɗu don kayarwa. Zaɓen Janairun 1995 ya ba sabon ƙawancen rinjaye, Hama Amadu na Nassara ya zama firaminista, aka shiga zaman doya da manja tsakaninsa da shugaban ƙasa har Kanal Ba'are Mainasara ya kifar da su duka ran 27 ga Janairun 1996. Da aka koma akwati a 1999, Rahama ce ta mara wa Tanja baya ya kayar da Isufu.

Ga manomin gero na Kornaka ko makiyayin kwarin Tarka, duk wannan labarin rediyo ne. Ya dangwala yatsa a tawada, ya koma gona, bayan kwanaki ya ji mai shela yana cewa mutuminsa ya ba magoya baya umarnin su zaɓi wane. Atamfar jam'iyya da uwargida ta ɗinka ba ta ko koɗe ba, hoton da ke jikinta ya sauya abokin tafiya.

A 2004 abin ya iso ƙofar gida. Shefu Amadu ya fice daga Rahama ya kafa RSD-Gaskiya, wadda ƙarfinta ya kasance a jihar Maraɗi. Ya zo na huɗu da ɗan abin da ya haura kashi 6, jam'iyyarsa ta samu kujeru 7, ya bi Tanja a zagaye na biyu, daga baya aka ba shi shugabancin majalisar ba da shawara kan tattalin arziki da zamantakewa. Gaskiya ta goyi bayan tazarcen Tanja na 2009. Sojoji suka ture Tanja a Fabrairun 2010, Isufu ya hau a 2011, kuma cikin shekarar ya naɗa Shefu mai shiga tsakani na ƙasa. Ni ban ga laifin talakan da ya bi ɗan gida duk inda ya juya ba. Wanda ya ga ƙarancin abincin 2005, lokacin da uwaye suka cika cibiyar ciyar da yara a Dakoro, ya san amfanin samun naka kusa da inda ake rabon buhu da rijiya. Abin da ke damuna shi ne ba a taɓa tambayarsa ba kafin a ɗaura ƙawancen da ƙuri'arsa.

To ina malamai? Tunda doka ta rufe musu ƙofar jam'iyya, sai suka shiga ta ƙungiya. Zamanin mulkin soja na Kunce, ƙungiyar Musulunci ɗaya tak gwamnati ta sani, wadda aka kafa a 1974. Bayan 1991 suka yawaita, 'yan Izala da 'yan ɗariƙa kowa da tasa, kuma Maraɗi, mai maƙwabtaka da Katsina, ta zama babbar cibiya. Ƙarfinsu na hanawa ne. Sun tsayar da kundin dokar iyali tun zamanin Mahaman Usman. A Nuwamban 2000 zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta ɓarke a Yamai da Maraɗi, gwamnati ta rusa wasu ƙungiyoyi. A 2006 majalisa ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata. A irin waɗannan batutuwa ɗan majalisa na wancan lokaci, ko na Nassara ne ko na Tarayya, yakan tuna cewa gobe zai yi sallar Juma'a a garinsu.

A fagen cinikin Yamai kuwa, zagaye na biyu na ƙarshe da aka yi shi ne na Fabrairun 2021, inda Bazum Muhammad na Tarayya, da goyon bayan Nassara ta Saini Umaru, ya kayar da Mahaman Usman. Janar Tiani ya karɓe mulki bayan juyin 26 ga Yulin 2023, sannan a watan Maris na 2025 aka rusa jam'iyyun baki ɗaya, Gaskiyar mutanen Kornaka na cikinsu.