Gyaran kurakuran makro a PowerPoint

Makro jerin umarni ne da ake rubutawa domin manhaja ta gudanar da wani aiki da kanta, kamar sauya shafukan gabatarwa ko nuna hoto a lokacin da aka tsara. A PowerPoint, da harshen VBA ake rubuta shi, harshen da Microsoft ta fara fitarwa a 1993 cikin Excel, ya kuma shiga PowerPoint a sigar 97. Tun daga sigar 2007, fayil mai ƙarshen .pptm ke riƙe makro; wanda ya adana aikinsa a .pptx zai tarar umarnin ya ɓace.

Ana buɗe wurin gyaran da Alt da F11. Maɓallin F9 na tsayar da makro a layin da ake zargi, F8 kuma na tafiyar da shi layi-layi, yayin da Debug.Print ke rubuta abin da ke faruwa a tagar Immediate.

Kuskuren da ya fi wahalar da masu koyo shi ne makro ya yi aiki lafiya lau yayin tsara shafuka, amma ya cije da an fara nuni. Sau da yawa dalilin shi ne an kira ActiveWindow, alhali SlideShowWindows ke kula da nunin da ke gudana. Abin haushin, wani lokaci ba ya ma nuna saƙon kuskure.

Daga 2022, Office na toshe makro a fayilolin da aka sauko da su daga intanet, don haka ba kowace cijewa ce laifin marubuci ba.