Wake da Tattasai: Tarihin Wata Tukunya daga Dominikan zuwa Bakin Kumadugu

Yau hirarmu a kan wake ta ke. Kada wani ya ce wake bai isa a rubuta tarihinsa ba. Mun saba jin labarin sarakai da yaƙe-yaƙe, amma sarki da baransa sai sun ci kafin su hau doki, domin da ruwan ciki a ke jan na rijiya.

Can yamma da mu, bayan an ƙetare babban tekun Atlantika, akwai wani tsibiri mai suna Hisfaniyola. Ƙasa biyu ce a kansa: Haiti ta yamma, Jamhuriyar Dominikan ta gabas. Abincin rana na mutanen Dominikan shi ne farar shinkafa da miyar wake da nama. Saboda girman da su ke ba shi, har "la bandera" su ke ce masa, watau tuta. Wanda ya leƙa tukunyar miyar nan zai ga wake da tattasai da tumatir da kabewa da albasa da tafarnuwa. Ba abu guda a ciki da za a nema a kasuwar Diffa a rasa irinsa. Wannan kuwa ba dace ba ne kawai, tarihi ne ya gama tukunyarsu da tamu.

Asalin waken namu

Waken da mu ke nomawa, wanda Barebari ke kira ngalo, ɗan Afirka ne gaba da baya. Masu tonon kufai sun sami ƙonannun ƙwayoyinsa a yankin Kintampo, tsakiyar ƙasar Gana. Da aka auna shekarunsu, sai aka ga sun faɗa tsakanin 1830 da 1595 kafin haihuwar Annabi Isa. Ke nan fiye da shekara 3,500 mutanen Afirka ta Yamma na shuka wake.

Dalilin da ya sa manoma suka riƙe shi a fili ya ke. Ba ya bukatar ruwa da yawa, ya na jure zafi, ya na yi a jigawa. Saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa a ke shuka shi tsakanin kunyoyin gero. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayarsa abinci ne mai gina jiki irin na nama. Mutum ya ci ƙwaya, ya ci ganye, bisashe su ci harawa da kowa. Ba abin yarwa a jikinsa.

Wake da kanwa a ƙasar Manga

Kogin Kumadugu ya na samun ruwansa daga kogin Haɗeja da na Jama'are a Nijeriya. Ya bi ta Gashuwa da Gaidam, sa'an nan ya zama iyaka tsakanin Nijar da Nijeriya har wajen kilomita 150, ya wuce ta gefen garin Diffa, ya faɗa tafkin Cadi kusa da Boso. Kusa da kogin nan Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu wajen 1470, birnin da ya zama fadar Barno har faɗuwarsa a 1808. Mobar, watau Barebarin bakin kogi, sun daɗe su na noman alkama da albasa da jigo, su na kamun kifi, su na shuka gero da wake a tudu. A bakin tafki kuwa, in ruwa ya janye, sai a bi damshi a shuka wake ba tare da jiran ruwan sama ba.

Wake na da aibi guda: ya na daɗewa a wuta, itace kuwa ba shi da yawa a ƙasar rairayi. Amma Allah ya ajiye maganin a kusa. A kwaruruwan Manga, wajen Maine-Sorowa, da kuma gaɓar tafkin Cadi, kanwa na fitowa daga ƙasa. Ɗan gutsure kaɗan a tukunya ya isa ya sa wake ya yi laushi da wuri. Ɗaruruwan shekaru fatake na ɗaukar kanwa da gishirin mangul a kan takarkarai da jakuna zuwa Kano, daga nan har Nufe da ƙasar Yarabawa. Saboda haka tukwanen wake masu yawa na kudu da kanwar ƙasar nan suka nuna.

Fataken Hausa kuma sun kai dahuwarsu inda duk suka je. A Gana, shinkafa da wake da a ke sayarwa da safe sunanta "waakye", kuma daga bakin Hausa sunan ya fito.

Yadda tsibirin ya shiga labarin

A watan Disamba na 1492 Kiristofa Kolombus ya sauka Hisfaniyola da jiragen Sifen. Ya tarar da mutanen da a ke kira Tayino, su na noman rogo da dankali da masara da wake da barkono. Kafin a yi shekara 50, aikin tilas da yaƙi da cututtuka irin su agana sun kusa ƙare su. Sai Turawa suka juyo Afirka neman masu yi musu aiki a gonakin rake. Tun farkon shekarun 1500 aka fara kai bayi baƙar fata birnin Santo Domingo. A ƙarshen 1521 bayin da ke aiki a masana'antar sukari ta Diyego, ɗan Kolombus, suka yi tawaye, kuma yawancinsu Wolof ne daga ƙasar Senegal.

Cinikin nan ya ɗauki fiye da shekara 350, an loda mutum wajen miliyan 12 da rabi a jirage. Daga baya har Hausawa da Barebari ya kwasa, aka kai da yawansu Bahiya ta ƙasar Barazil. Masu jirage su kan sayi abinci a gaɓar Afirka don ciyar da bayi a hanya: shinkafa da doya da dawa da wake. Ta haka waken namu ya ƙetare teku tare da mutanen da suka san nomansa da dahuwarsa. Har gobe a Bahiya mata na toya "akaraje" da manja, wanda ba wani abu ba ne illa ƙosai. A kudancin Amurka kuma a kan dafa shinkafa da waken nan ranar sabuwar shekara.

To, a nan sai a lura. Waken da mutanen Dominikan suka fi sa wa a miyarsu ba irin namu ba ne. Nasu ja ne ko mai roɗi-roɗi, ya fi namu girma, kuma asalinsa Meksiko ne da duwatsun Peru. Dangi ne na nesa da namu. Miyar kanta kuwa, wadda su ke kira "habichuelas guisadas", gadon al'umma uku ce. Wake da tattasai da kabewa da tumatir na mutanen nahiyar Amurka ne. Albasa da tafarnuwa da soya su a mai kafin a zuba ruwa, Turawan Sifen suka zo da su. Madafin gidajen masu gonaki kuwa, shekaru da yawa a hannun matan Afirka ya ke.

Abin da ya zo mana

Jiragen da suka tafi da mutanenmu ba su komo wofi ba. Masara da rogo da gyaɗa da dankali da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka fito. Kafin 1492 ba miyar da aka taɓa yi da tattasai a Barno ko ƙasar Hausa. Yajin da a ke da shi masoro ne da kimba da citta. Ta hanya biyu sababbin irin suka shigo. Ɗaya ta gaɓar teku, hannun Turawan Fotugal. Ɗaya kuma ta hamada, daga Masar da Tarabulus, ta Fezan da Bilma da Ngigmi. Sunan masara ma kansa ya na nuna Masar.

Tattasai ya daɗe a matsayin ɗan abin lambu kafin ya zama dukiya. Garin Diffa ƙaramin ƙauye ne a da, har dokar 1964 ta maishe shi babban birnin jiha. A shekarun 1970 aka shimfiɗa hanyar kwalta da taimakon ƙasar Kanada, ta haɗa shi da Damagaram. Sa'an nan fari ya zo, na 1973 da na 1984. Gero ya ƙi, dabbobi suka mutu, tafkin Cadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya ƙafe har ya bar Ngigmi a tudu. Jama'a suka dogara ga kogi. Injin ban-ruwa ya maye gurbin jigo, gonakin tattasai suka miƙe tun daga Shetimari har Geskeru da Boso. A kan dasa da damina, a yi ta tsinka da ɗari, a shanya a rana, a ɗura a buhu, motoci su kwasa zuwa Maiduguri da Kano da Damagaram. Kafin 2015 a kan sami wajen tan 10,000 na busasshen tattasai a shekara, abin da ya sa a ke ce masa jan zinariyar Manga.

A shekarun farin nan ne kuma wake ya sami sabon matsayi a Nijar. Gyaɗa, wadda da ita ce kuɗin manomi, ta faɗi bayan fari da cutar da ta kama ta a 1975. Manoma suka koma ga wake. A yau, in ka ɗebe Nijeriya, ba ƙasar da ta kai Nijar noman irin waken nan a duniya.

Shekarun wuya

Tukunya na bukatar abu biyu da ba a saye a kasuwa: ruwa da zaman lafiya. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Calawa ta 1992, duka a jihar Kano, sun canja yadda ruwa ke isowa ƙasa. Domin irin wannan ne Nijar da Nijeriya suka sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan da suka haɗa. Wata shekara ruwa ya yi ƙaranci, wata kuma ya yi ambaliya ya ci gonaki, kamar yadda aka gani a 2019.

Ran 6 ga Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Diffa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka hana cinikin tattasai da na kifi, aka ƙuntata sayen taki da man inji, don a toshe wa mahara hanyar kuɗi. A watan Mayu aka kwashe mutanen tsibiran tafki. Ƙauyuka da yawa na bakin kogi suka watse, mutanensu suka kafa bukkoki a gefen kwalta. Manoman da ke ciyar da kasuwanni suka koma bin layin rabon abinci, wani lokaci ma waken da a ke auna musu daga wata ƙasa aka kawo shi. Sai a Oktoba 2017 aka ɗage hanin tattasai, na kifi kuma a Maris 2019. Lalle zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Ga yadda a ke dahuwar

Uwargida, in ki na so ki gwada miyar Dominikan a gida, waken namu ma ya wadatar, musamman ja. Ki auna kofi 2, ki tsince shi sarai, tun da wake ɗaya ke ɓata gari. Ki jiƙa shi ya kwana kamar yadda su ke yi can, da safe ki zubar da ruwan, ki dafa da sabon ruwa har ya yi laushi. In za ki sa kanwa, ki sa kaɗan, domin in ta yi yawa ta na rage amfanin wake. In kuwa jan waken waje kika samu, dole ya tafasa sosai na aƙalla minti 10, don wanda bai dahu ba ya na ɓata ciki.

A wata tukunya ki zuba man gyaɗa cokali 3. Ki soya albasa 1 da tafarnuwa sala 3 da kika daka, da ɗanyen tattasai ko busasshe da kika jiƙa. Ki ƙara tumatirin gwangwani cokali 2 ko dakakkiyar kauɗa. Su can su na sa wasu ganyaye masu ƙamshi, oregano da silantoro. A nan ɗoɗɗoya ko gabu sun isa. Sa'an nan ki juye waken da ruwansa, ki yanka kabewa ƙanana ki zuba, ki sa gishiri. Ki rage wuta, ki bar ta wajen rabin awa. In kabewa ta narke, ki murƙushe ludayi guda na waken ki mayar ciki, ki motsa. Sirrin ke nan: miyar ba tsululu ba ce, ba kuma fate ba ce, romo ne mai kauri da ke kwanciya a kan shinkafa.

Maigida kuma, naka aikin ya na rumbu. Ƙwaro na iya cinye wake cikin ƴan watanni. Kakanni sun yi ta fama da shi da toka da rairayi. Tun 2007 an fara yaɗa buhun nan mai riɓi uku da a ke kira PICS, wanda ke toshe iska har ƙwaron ya mutu ba tare da an sa magani ba. Wanda ya adana wakensa har bazara ya tsira daga sayarwa da arha a kaka, ya kuma tsira da irin shuka.

Ƴan'uwa, kun ga ke nan iri na tafiya inda mai shi bai taɓa zuwa ba. Namu ya je can cikin baƙin ciki, ya zama abincin biki. Nasu ya zo nan, ya zama dukiyar Manga. Amma ba irin da ke tsira in an kori manomi daga gonarsa, ko an tsare masa ruwa. Allah ya zaunar da bakin Kumadugu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, amin.