Kumbo da Soyayya a Ƙagaggun Labaran Samari na Hausa

Tun gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, ƙagaggen labarin Hausa ya rabu gida biyu. A Ganɗoki da Ruwan Bagaja aljannu ne ke kai jarumi inda ƙafa ba ta zuwa. Jiki Magayi kuwa ya tsaya a ƙasa, kan so da aure da ramuwar gayya.

Cikin 1969, watau shekarar da mutanen Amurka suka sauka a kan wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. A ciki yaro Kilba ya bi Kolin Koliyo, baƙo daga sama, suka keta sararin samaniya. Abin lura shi ne, na'ura ce ta karɓi aikin aljani, saboda haka yaran makaranta ba su ga baƙon abu ba.

Amma fa hanyar ba ta sami masu bi da yawa ba. Bayan gasar NNPC, aka buga Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid cikin 1980, sa'an nan littattafan soyayya na Kano suka mamaye kasuwa.

Turawa sun saba haɗa kumbo da soyayyar samari cikin littafi guda. Malamin da ke son ɗalibansa su gwada haka da Hausa, sai ya ɗora musu Dembo da Hafsatu a kan tebur ɗaya.