Magudana Ɗaya Maimakon Goma: Yadda Git Ya Gyara Zagayensa

A watan Afrilun 2005, Linus Torvalds ya rubuta Git cikin gaggawa, bayan masu gina Linux sun rasa damar amfani da BitKeeper kyauta. Aikin Git shi ne adana tarihin duk sauyin da aka yi wa manhaja, haɗe da sunan wanda ya yi shi. A watan Yulin shekarar, Torvalds ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano.

Domin cika wannan aiki, dole Git ya riƙa shiga folda, ya buɗe foldojin da ke cikinta, ya lissafa fayiloli, sannan ya fito. Sassa da dama na manhajar suna bukatar wannan zagaye, kuma kowanne ya rubuta nasa umarnin. Lamarin ya yi kama da manoman rani a Ɗanbatta idan kowa ya haƙa tasa magudanar daga ruwa ɗaya: an toshe ɓaraka a nan, amma tana nan daram a sauran.

Tun kafin haihuwar Git aka san maganin. Littafin Martin Fowler na 1999 ya yaɗa dabarar sake tsara cikin manhaja ba tare da sauya abin da take yi ba, ya kuma sa maimaita umarni a sahun gaba na alamun matsala. A 2016 aka ƙara wa Git sashe guda mai suna dir-iterator, wanda aikinsa kawai zagaya folda. A 2019 umarnin clone, mai kwafo rumbun manhaja, ya koma amfani da shi.

Haɗewar ba ta kawar da kuskure ba. A watan Oktoban 2022 aka bayyana cewa mugu zai iya dasa fayil mai nuni zuwa wani wuri, ya sa clone ya kwafo bayanan sirri daga kwamfutar mai amfani. A watan Fabrairun 2023 aka gano wata hanyar kauce wa gyaran farko, kuma wani ɓangare na sabon gyaran a cikin dir-iterator ɗin kansa aka yi shi. Duk sashen da ke bi ta wannan magudana ya amfana nan take.

Har yau akwai sassan Git masu nasu zagayen, domin irin wannan gyara sannu a hankali ake yin sa. Amfaninsa ba ya bayyana sai ranar da ɓaraka ta ɓullo, aka tarar wuri ɗaya za a toshe.